Filin Kiwo: Tambayoyinku Kan Ciwon Dajin Jini a Kaji

Wasiƙun da suka iso mana daga jihar Bauchi a wannan watan, da yawansu kukansu ɗaya ne: manyan kaji na ramewa suna mutuwa ɗai-ɗai, idan an feɗe a tarar hanta ta cika ciki. Likitocin dabbobi da ke amsa tambayoyin wannan fili sun zaɓi biyar daga ciki.

Tambaya: Assalamu alaikum. Kajina masu ƙwai sun shiga mako na 26, kuma kusan kowane mako sai na rasa ɗaya ko biyu. Kaza takan daina ƙwai, zankonta ya koɗe ya yanƙwane, ta rame amma cikinta ya yi nauyi. Da aka feɗe mun ga hanta ta yi girma ainun, ga fararen ƙulalai a jikinta. Na ba su antibayotik kala-kala, ba wani sauyi. Mene ne wannan? *Daga wata mai kiwo a Azare.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Shekarun kajin, da yadda suke mutuwa a hankali, da kamannin hantar, duk sun fi karkata ga cutar lukosis, wadda masu kiwo ke ce wa cutar babbar hanta. Ciwon daji ne na wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, kuma bairos ke haddasa shi. Shi ya sa antibayotik bai yi komai ba, kuma ba zai yi ba. Ki dakatar da shi tun yau, domin asarar kuɗi ce, ga shi kuma yana barin saura a cikin ƙwan da ake sayar wa mutane.

Amma kada a yanke hukunci da kallon hanta kawai. Cutar Marek ma na sa irin waɗannan ƙulalai. Tarin fuka na kaji yana sa ƙulalai masu ɗan tauri da ruwan ɗorawa a tsakiya. Kitse idan ya yi wa hanta yawa yakan kumbura ta, ta yi laushi har ta fashe da jini, sai dai babu ƙulalai. Gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an ajiye su da danshi ita ma tana ɓata hanta.

Idan wata ta sake mutuwa, a feɗe ta cikin 'yan sa'o'i, kafin zafi ya ruɓar da kayan ciki, a duba wurare uku. Na farko, 'yar jakar nan da ke saman dubura ta ciki, wadda ake kira bursa, wato wurin da cutar gumboro ke kamawa. A kaza mai mako 26 ya kamata ta ƙanƙance ta kusa ɓacewa. Idan aka same ta da girma, aka tsaga aka ga ƙulu a ciki, wannan babbar alama ce ta lukosis. Na biyu, farar jijiyar da ke bi ta cikin naman cinya: a buɗe cinyoyin biyu a gwada, idan ɗaya ta fi kauri kuma ta dushe, Marek ce. Na uku, saifa da ƙoda da gidan ƙwai.

Tabbaci na ɗakin gwaji ne. Likita zai yanko 'yan gutsattsari daga hanta, saifa, ƙoda, bursa da jijiyar cinya, kowanne kaurinsa kada ya wuce rabin santimita, kuma a yanko daga kan iyakar ƙulu da lafiyayyen nama. A jefa su cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, yawan ruwan ya ninka yawan naman sau goma. Kuskuren da aka fi yi shi ne cusa rabin hanta a ƙaramar kwalba, sai waje ya kamu ciki ya ruɓe. Na biyu shi ne daskarar da naman a firiza, alhali ƙanƙara na farfasa ƙwayoyin har a kasa gane su a madubin likita. Ana iya aikawa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, ko asibitin koyarwa na dabbobi a Zariya ko Maiduguri.

Idan ta tabbata, babu magani kuma babu allurar rigakafi. Ki riƙa fitar da waɗanda suka nuna alama, kada ki ɗebi ƙwan wannan garke don ƙyanƙyasa, kuma ki sanar da inda kika sayo 'yan tsakin, domin galibi daga iyayensu cutar ta biyo su.

Tambaya: Ni ɗalibin kimiyyar kiwo ne. An ce mana bairos na juya ƙwayoyin da ke samar da jini su koma na ciwon daji, amma ban gane ta yaya ba. Kuma me ya sa wasu bairos ke kashe ɗan tsako cikin makonni kaɗan, wasu kuma sai bayan watanni? *Daga Yalwa, cikin garin Bauchi.*

Amsa: Malam, sai an fara da yadda jini ke samuwa. A cikin ɓargon ƙashi akwai uwayen ƙwayoyi waɗanda ke rabuwa biyu-biyu. 'Ya'yansu sai kowace ta ɗauki hanya: wasu su zama jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, wasu su zama farare masu cinye ƙwayoyin cuta, wasu kuma su tafi bursa su zama ƙwayoyin B masu ƙera makaman garkuwa, ko su tafi taimos da ke wuya su zama ƙwayoyin T. Ƙa'idar ita ce, ɗanyar ƙwaya tana rabuwa amma ba ta aiki, nunanniya kuma tana aiki amma ta daina rabuwa. Kamar yaron shagon tela ne: ya koya, a yaye shi, ya tafi ya kama ɗinki. Ciwon dajin jini shi ne shagon da aka daina yaye kowa, 'yan koyo suna ta ƙaruwa har sun cika ɗaki, babu mai iya ɗinka riga. Abin da bairos ke yi kenan: ya tura ƙwayar ta yi ta rabuwa, ya kuma hana ta nuna.

Bairos ɗin lukosis yana ɗauke da gadonsa a matsayin RNA. Fatar jikinsa na manne wa wani furotin da ke bayan ƙwayar kaza, kuma kowane rukuni, A, B, C, D, E ko J, da irin furotin ɗin da yake nema. Kazar da ta gaji rashin wannan furotin, rukunin ba ya iya shigarta. Da ya shiga, sai wani sinadarinsa ya juya RNA zuwa DNA, aikin da Howard Temin da David Baltimore suka gano a 1970. Daga nan sai DNA ɗin bairos ya ɗinku a cikin kundin gadon ƙwayar, ya zama ɓangarenta har abada, duk 'yar da ta haifa ta gaje shi.

Bairos ɗin da aka fi gamuwa da shi a gonaki yana da manyan sadarorin gado, wato umarnin da ke rubuce a kundin gadonsa, uku ne kawai, gag da pol da env, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ke sa ciwon daji. Haɗarin yana bakinsa biyu, inda akwai wani yanki da ake kira LTR, wanda aikinsa tilasta wa ƙwaya ta yi ta karanta abin da ke kusa da shi. Bairos ba ya zaɓen wurin sauka sosai. A cikin miliyoyin ƙwayoyin bursa da ya kama, a wasu 'yan kaɗan zai faɗa gefen wata sadarar kazar kanta mai suna myc. A lafiyayyar ƙwaya, myc na kunnuwa ne na ɗan lokaci idan an ba da umarnin rabuwa, sannan ta daina aiki. Idan LTR ya zauna gefenta, ba ta ƙara daina aiki. William Hayward da abokan aikinsa ne suka nuna wannan a 1981, a mafi yawan ƙarin bursa da suka duba.

Jinkirin daga nan yake. Bursa na da ƙananan ɗakuna wajen 10,000. Mako 4 zuwa 8 bayan kamuwa, madubin likita kan nuna wasu 'yan ɗakuna sun cika da ɗanyun ƙwayoyin B masu kama ɗaya. Yawancinsu suna shafewa da kansu, domin myc ita kaɗai ba ta isa ba, har ma takan sa ƙwayar ta kashe kanta. Sai an ƙara samun wasu sauye-sauye a ƙwaya guda, misali saukar bairos kusa da wata sadara mai suna bic, kafin ƙari ya kafu ya bi jini zuwa hanta, saifa da ƙoda. Shi ya sa da wuya a ga lukosis kafin mako 14 zuwa 16, kuma mutuwar ta fi yawa a lokacin da kaji suka fara ƙwai. Hujjar da ta fi gamsar da mu ita ce ta tiyata: idan aka cire wa ɗan tsako bursa tun yana ƙarami, ko da bairos ɗin na yawo a jininsa, wannan ƙarin ba ya fitowa.

Masu saurin kisa kuwa labarinsu daban ne. A wani lokaci can baya, yayin kwafe kansu, sun tsinko wata sadara daga kundin kaza suka haɗa da nasu, kuma a hanya sadarar ta gurgunce ta rasa birkinta. Irin wannan bairos ba ya jiran sa'ar sauka a wuri na musamman, domin da kayan ɓarnarsa yake tafe. Duk ƙwayar da ta dace da shi, da ya shiga ta juya, saboda haka dubban ƙwayoyi ke lalacewa lokaci guda, ɗan tsako ya mutu cikin mako biyu ko uku. Yawancinsu sun yi asarar wasu sadarorinsu na asali a wannan musaya, don haka ba sa iya hayayyafa sai tare da bairos mai cikakken jiki da ke ara musu sutura.

Kowane ɗaya da layin jinin da yake tarewa. Mai kama layin jajayen ƙwayoyi, AEV, yana ɗauke da sadarori biyu. Ta farko, erbB, guntulallen furotin ne da ke zama a fatar ƙwaya. Asalinsa yana da kai a waje da ke jiran saƙon girma kafin ya motsa, to an datse kan, sai ya zama kullum yana aika umarnin rabuwa ba tare da kowa ya ce a yi ba. Ta biyu, erbA, gurɓatacciyar siffa ce ta furotin da ke karɓar sinadarin maƙoshi, wato tayirod. Tana zama a kan sadarorin da jar ƙwaya ke buƙata don ta nuna, ta danne su. Ɗaya na tura rabuwa, ɗaya na toshe nuna, kuma idan suka haɗu sun fi kowace ita kaɗai muni nesa ba kusa ba. Sakamakon shi ne jini mai cike da ɗanyun ƙwayoyi marasa isasshen himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, hanta da saifa su kumbura su yi ja wur. Wani bairos ɗin mai suna AMV kuwa yana ɗauke da sadarar myb, yana tare layin fararen ƙwayoyi, har ɗanyun su kai kashi uku cikin huɗu na ƙwayoyin da ke jini. MC29 yana ɗauke da myc ɗin nan dai, amma a jikinsa.

Yadda ake nazarinsu a ɗakin gwaji yana da sauƙin fahimta. A fasa ƙashin cinyar ɗan tsako a wanko ɓargon, a gauraya ƙwayoyin da bairos, a zuba cikin wani abinci mai kauri wanda ba ya barin su yi yawo. Bayan kamar mako guda, kowace ƙwaya da ta juya za ta haifi curi a inda take, a ƙirga, a shafa musu rini a ga layin da suka fito. Thomas Graf da Hartmut Beug a Jamus sun yi amfani da wannan a ƙarshen shekarun 1970 tare da wani AEV da furotin ɗinsa ba ya jure zafi. A wajen digiri 36 ƙwayoyin na ta rabuwa a ɗanye. Da aka ɗaga zafin zuwa 41 ko 42, furotin ɗin ya daina aiki, cikin 'yan kwanaki ƙwayoyin suka fara yin himogulobin. Wato ba su manta hanyarsu ba, tare su aka yi.

Ka riƙe cewa wannan ilmi a jikin kaza aka fara shi. Vilhelm Ellermann da Oluf Bang a Denmak sun nuna a 1908 cewa tataccen ruwa marar ƙwaya ko ɗaya na ɗaukar ciwon dajin jini daga kaza zuwa kaza. Peyton Rous a Amurka ya nuna haka da ƙarin nama a 1911, bai samu kyautar Nobel a kai ba sai 1966. A 1976 Michael Bishop da Harold Varmus da abokansu suka gano cewa sadarar src ta bairos ɗin Rous asalinta ta lafiyayyar kaza ce. Yau myc da erbB suna cikin sadarorin da likitocin ciwon dajin mutane suka fi bincika.

A gona dai da wuya ka haɗu da masu saurin. Wanda ya kamata ka sani shi ne rukunin J, da aka fara ware shi a Ingila a 1988 daga kajin nama. Shi fararen ƙwayoyin ɓargo ya fi kamawa, ƙarinsa fari ne mai marmashi, kuma a kan ƙashi yake fitowa: cikin ƙashin ƙirji, haƙarƙari, wani lokaci ƙoƙon kai.

Tambaya: An ce min an yi wa 'yan tsakina allurar Marek tun a wurin ƙyanƙyasa, amma ga su a mako na 11 wasu ƙafa ta shanye, ɗaya gaba ɗaya baya. Shin lukosis ɗin ce? *Daga wani mai gona a Toro.*

Amsa: Alhaji, a wannan shekaru da wannan alama Marek ce ta fi kusa, lukosis ba ta shanye ƙafa. Marek bairos ne na dangin hafis, kuma ƙwayoyin T yake juyawa, ta hanyar wata sadararsa mai suna meq wadda ke hana ƙwayar mutuwa ta kuma sa ta rabuwa. Ƙwayoyin da suka juya su ne ke cika jijiyar cinya har ta daina aiki. Ba ya bin ƙwai. Daga tushen gashi yake fita cikin amosani da ƙura, a shaƙa, kuma yana iya watanni a raye a ƙurar ɗaki.

Allurar na gazawa ta hanyoyi sanannu. Mafi ƙarfinta ƙwayoyi ne masu rai da ake ajiyewa a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ana narkar da kwalbar a ruwa mai ɗumin digiri 27 cikin kamar minti ɗaya, a haɗa da ruwanta na musamman, a gama amfani da ita cikin sa'a guda, kowane ɗan tsako mil 0.2 a ƙarƙashin fatar wuya. Idan ta narke aka sake daskarar da ita, ko ta daɗe bayan haɗawa, ko allura ta huda fata ta fita ta ɗaya gefen, ruwa kawai aka yi. Ko an yi ta daidai ma, garkuwar na buƙatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ta kafu, kuma a nan ne masu kiwo da yawa ke yin asara: a sauke 'yan tsaki a ɗakin da ba a share ƙurar tsofaffin kaji ba, ko kusa da manyan kaji, bairos ɗin gona ya riga allura. Gumboro ma idan ta kama su da wuri tana karya garkuwar.

Waɗanda suka shanye ba sa warkewa, a fitar da su. Sake allura a mako na 11 ba shi da amfani. Kafin zuwan na gaba a kwashe shimfiɗa duka, a share rufi da raga da fanka, a wanke da sabulu, a fesa maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar ɗakin mako biyu babu kaza.

Tambaya: Ina da injin ƙyanƙyasa, ina sayen ƙwai daga gonaki da kuma kasuwa. Idan na yi wa ƙwan hayaƙin magani, zai kashe wannan bairos? *Daga wata malama a Misau.*

Amsa: Ba zai kashe shi ba, Malama, domin bairos ɗin lukosis a cikin farin ƙwai yake. Yana hayayyafa a bututun da ƙwai ke bi a cikin kaza, daidai inda ake zuba farin, daga nan ya shiga ɗan tsako tun yana halittuwa. Hayaƙi a ɓawo yake tsayawa. Zakara ba shi da wani babban hannu a wannan hanya, uwar ce.

Ɗan tsakon da ya kamu a cikin ƙwai shi ne mafi haɗari. Garkuwarsa ta tashi ta tarar da bairos ɗin, sai ta ɗauke shi nata ne, ba ta taɓa yaƙarsa. Yana girma da jini cike da bairos, yana zubar da shi a kashi da miyau, shi ne kuma ya fi saurin samun ƙari. A cikin injin da kwalin ɗaukar 'yan tsaki yake shafa wa sauran, lokacin da suka fi rauni. Kazar da ta kamu bayan ta girma galibi tana yin garkuwa. Asarar kuma ba a mutuwa kawai take ba, wadda sau da yawa ba ta wuce kashi 1 ko 2 cikin ɗari: bincike a Kanada ya nuna kazar da ke ɗauke da bairos ɗin, ko da lafiyarta lau a ido, takan gaza takwararta da ƙwai sama da 20 a zango guda, ga ƙaramin ƙwai, ga raunin ƙyanƙyasa.

Manyan kamfanonin iri sun rage cutar ne da gwaji. Ana neman wani furotin na bairos mai suna p27 a farin ƙwai ko a shafen duburar uwa, a fitar da duk wadda ta nuna, a ƙyanƙyashe ƙwan sauran a ƙananan rukunoni na 25 zuwa 50, a sake gwada kashin da 'yan tsakin suka fara yi, a maimaita haka zuriya bayan zuriya. A kula da gwajin jini, domin kaji da yawa sun gaji guntayen rukunin E a kundin gadonsu, waɗanda da wuya su cutar amma suna iya sa gwajin ya nuna akwai.

A matakinki, shawararmu ita ce ki daina haɗa ƙwan da ba ki san iyayensa ba da wanda kika sani a zubi ɗaya. Ki rubuta wa kowane tire gonar da ya fito, ki raba kwalayen 'yan tsakin, ki bibiyi masu saye bayan wata biyar ko shida. Ki wanke injin tsakanin zubi da zubi: bairos ɗin ba shi da juriya a waje, 'yan sa'o'i yake yi, sabulu da maganin feshi na gama-gari suna kashe shi. Idan ana yi musu allura, a riƙa sauya tsinken allurar tsakanin rukuni da rukuni.

Tambaya: Mutum zai iya kamuwa da ciwon daji idan ya ci irin wannan kaza ko ƙwanta? *Daga wani mai sayar da kaji a kasuwar Muda Lawal.*

Amsa: Ba a samu hujjar haka ba, ɗan'uwa, ga lukosis ko ga Marek. A lokacin yaƙin duniya na biyu an yi wa sojojin Amurka masu ɗimbin yawa allurar rigakafin zazzaɓin shawara da aka haɗa a cikin ƙwai, daga baya aka gano tana ɗauke da bairos ɗin lukosis, kuma da aka bi sawunsu bayan shekaru ba a ga ciwon daji ya ƙaru a cikinsu ba. Dafuwa ma na kashe shi. Duk da haka, kazar da aka yanka aka ga ƙari a hanta ko saifa ba ta sayarwa ba ce, saboda da ido ba za ka bambance shi da tarin fuka ko wata cutar da ke iya taɓa mutum ba. A ƙone ta ko a binne a rami mai zurfin mita ɗaya inda kare ba zai tono ba, a wanke wuƙa da faranti da hannu da sabulu kafin a taɓa ta gaba.